Irin da ke gaɓar ido: tarihin neman maganin hakiya

Ranar 22 ga Afrilun 1900 aka yi gumurzun Kusiri, a inda kogin Logon ke haɗuwa da Shari. Rabe ya faɗi a ranar, kwamandan Faransawa Lamy ma bai kwana ba. Bayan 'yan makonni Emile Gentil ya kafa sansani a ƙetaren kogin, ya sa masa sunan mamacin, Fort-Lamy, garin da aka mayar wa suna Njamena a 1973. Tun yana barikin soja da 'yan bukkoki Hausawa suka fara yada zango a cikinsa, don a kan hanyar gabas yake. Mai niyyar Makka a ƙasa daga Kano ko Katsina ko Damagaram yakan bi ta Borno, ya haye Shari, ya nufi Abeshe, daga nan Darfur har bakin Bahar Maliya. Wasu sun kai, wasu guzuri ya yanke musu suka zauna har suka ga jikoki, kuma a 1976 John Works ya fitar da littafi sukutum a kansu. A cikin ayarin akwai malamai da fatake, akwai kuma makafi da 'yan jagoransu, suna tafe suna bara daga zango zuwa zango.

Da za a tsai da makafin nan a buɗe idanunsu ɗaya bayan ɗaya, da an ga fari iri biyu, waɗanda Hausa ta raba da suna tun kafin likitan Turai ya zo. Akwai yana, wadda ke can ciki bayan ɗan baƙin tsakiya. Akwai kuma hakiya, farin tabon da ke zaune a waje, a kan baƙin ido. Yana ta daɗe da samun magani. A asibitin ido na mishan da aka buɗe a Kano a 1943, wanda yau ake kira na ECWA, ko a cibiyar ido ta ƙasa da ke Kaduna, ko a asibitocin Njamena, aikin 'yan mintoci ne, washegari a kwance bandeji tsoho ya ga jikansa. Mai hakiya kuwa, har gobe amsar da ya fi ji a bakin likita ita ce: Baba, sai dai haƙuri.

Abin da muke kira baƙin ido, launin na ciki ne. A samansa akwai wata fata garai-garai kamar gilashin agogo, likitoci na ce mata koniya. Faɗinta bai wuce milimita 12 ba, kaurinta rabin milimita, babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinta, kuma ita ke yin kusan kashi 2 cikin 3 na aikin tattara haske kafin ya shiga ciki. Kashi 90 cikin 100 na kaurin nata zaruruwa ne da aka jera a tsari kamar saƙar gwani. A kansu akwai 'yar shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta hawa 5 ko 6, wadda ke zubewa tana sabuntuwa duk mako ɗaya zuwa biyu. Idan rauni ya tsaya a shimfiɗar sama yakan warke ba alama. Idan ya nutsa cikin zaruruwan, jiki yakan yi faci cikin gaggawa, saƙar ta hargitse, haske ya kasa wucewa. Facin nan shi ne hakiya.

A zamanin iyayenmu ƙyanda ce ta fi cin idon yara. Yaron da dama abinci bai wadace shi ba, idan baƙon dauro ya sauka masa sai ɗan bitamin A da ke ajiye a hantarsa ya ƙare, ido ya bushe, koniya ta yi laushi ta ɓule cikin 'yan kwanaki. Sau da yawa uwa ta ga ido ya rufe, hankalinta ya tashi, a matse wani ganye ko a daka wani gari a zuba, abin ya ƙara ta'azzara. John Sandford-Smith, likitan ido a Kaduna, da Hilton Whittle na Zariya sun rubuta a 1979 cewa gyambon koniya, wanda yawanci ke biyo bayan ƙyanda, shi ne kan gaba wajen makantar yara a arewacin Najeriya. Allurar rigakafi da rabon bitamin A sun rage abin sosai, amma ƙyandar ba ta yi ƙaura ba. A annobar da ta auka wa Njamena a 2005, masu bincike sun bi gida-gida a unguwar Mursal, suka tarar yara 17 cikin kowane 100 na 'yan ƙasa da shekara 5 sun kamu, kuma 4 cikin kowane 100 da suka kamu sun rasu. Ƙididdigar ta mamata ce, amma likitan ido ya san a bayan irin wannan annoba akan bar yaran da suka tashi da rai, ido ya tafi.

Sai amosanin ido, wanda wasu ke kira amodari. Ƙwayar cuta ce da Tang Feifan ya fara warewa a Beijin a shekarun 1950. Tana yawo ta hannu, ta gefen zane, ta ƙudan da ke bin fuskar yara. Kamu bayan kamu tun ƙuruciya, cikin fatar ido ya tattare, gashin ido ya juya ciki, duk ƙiftawa sai ya kankari koniya. Mata sun fi shan wahalarsa, su da ke goyo da share majina, kuma wanda ya tashi a karkara ya san tsohuwar da ke ɗaure ɗan hantsaki a bakin zane, tana kiran jika ta tsige mata gashin. A 2014 da 2015 an yi bincike 41 yanki-yanki a faɗin Chadi don gano inda cutar ta yi katutu, aka ɗora da rabon magani da yi wa fatar ido aiki. Ƙura ma ta sa hannu. Hazon hunturu da ke rufe Kano da Maiduguri, kaso mai yawa nasa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe, kuma babu wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Serge Resnikoff, likitan ido Bafaranshe da ya yi aiki a Chadi a shekarun 1980 kafin ya jagoranci yaƙi da makanta a Hukumar Lafiya ta Duniya, ya yi rubutu a 1988 a kan wata dusashewar koniya da ke kama masu wuni cikin rana da iska da yashi.

Amma raunin da ya haifi labarinmu na yau shi ne ƙuna. Ruwan batir a garejin makanikai, siminti da farar ƙasa a wurin gini, sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, kabayid ɗin masu walda da masu nunar da ayaba da mangwaro. Soda da farar ƙasa da siminti sun fi ruwan batir ɓarna, don shi yakan ƙone sama ya tsaya, su kuwa narkar da nama suke yi suna nutsawa.

Ranar 7 ga Disamban 1905, Fort-Lamy na da shekara 5 da kafuwa, Eduard Zirm ya yi wa wani lebura mai shekara 45 aiki a garin Olomuts da ke ƙasar Cek ta yau. Farar ƙasa ce ta ƙone masa ido biyu. A asibitin akwai yaro ɗan shekara 11 da aka cire wa ido saboda ƙarfe ya shige shi, amma koniyarsa lafiya lau. Zirm ya yanko da'ira biyu daga cikinta ya dasa wa leburan. Ɗaya ta lalace, ɗaya ta kama ta zauna garau, mutumin ya koma aikin gona. Wannan ne dashen koniya na farko da ya yi nasara a jikin ɗan'adam. A shekarun 1930 Vladimir Filatov na Odesa ya nuna ta mamaci ma tana yi, a 1944 kuma aka buɗe bankin ido na farko a New York. Dashen ya zama cikin mafi yawa da mafi nasara a duk dashen sassan jiki, tunda babu jijiyar jinin da za ta yi saurin kai wa jiki labarin baƙo.

Sai dai leburan Zirm sa'a ya taka. A idon da soda ko farar ƙasa ta yi wa ƙurmus, akan dasa sabuwar koniya tas, bayan 'yan watanni wani jan nama mai jijiyoyi ya taso daga farin ido ya lulluɓe ta. A sake dasawa, ya sake tasowa. Shekaru da dama likitoci suna ganin haka ba su san dalili ba.

Dalilin yana inda baƙi ya haɗu da fari. Wani siririn zobe ne, faɗinsa milimita 1 zuwa 2, likitoci na kiransa limbos, ni kuwa zan ce masa gaɓar ido. A 1921 Alfred Vogt na Suwizalan ya bayyana wasu tsage-tsage da ke jere a wurin kamar kunyoyin gona. A idon baƙar fata sun fi fitowa, don launi ya zana su, kuma launin ne ya fara tona asirin. A 1944 likita Ida Mann ta Ingila ta ji wa koniyar zomo rauni, ta ga baƙin da ke gaɓa yana gangarowa zuwa wurin ciwon. A 1971 Davanger da Evensen na Oslo suka ce ashe daga tsagen nan na Vogt sabbin ƙwayoyin shimfiɗar koniya ke fitowa, suna tafiya a hankali zuwa tsakiya. A 1986 da 1989 Tung-Tien Sun na New York, tare da abokan aikinsa irin su Robert Lavker da George Cotsarelis, suka kawo hujja: a ƙasan gaɓar akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ke kwance, ba sa yawan rabuwa, amma da an ji wa ido rauni sai su farka su yi ta haihuwa.

Manomi zai fi kowa saurin gane wannan. Ƙwayoyin da ke tsakiyar koniya hatsin ci ne, ana ci suna ƙarewa. Na gaɓa iri ne, wanda ake ɓoyewa a ƙuryar rumbu. Idan gobara ta cinye rumbu har da iri, ko maƙwabci ya kawo aron hatsi, ci za a yi ya ƙare, ciyawa ta mamaye gona. Gaɓar kuma ita ce shingen da ke hana fatar farin ido shigowa. Koniyar mamaci da ake dasawa tsakiyar ce kawai, babu iri a cikinta, shi ya sa take lalacewa a idon da gaɓarsa ta ƙone.

Da aka gane haka, Kenneth Kenyon da Scheffer Tseng suka buga sakamakon aikin da suka yi wa mutum 26 a 1989: a yanko gaɓa daga lafiyayyen idon mutum a dasa wa ɗan'uwansa da ya ƙone. Aikin ya yi kyau. Matsalarsa ita ce yawan abin da ake ɗiba, wajen sulusin zoben, wani lokaci har kusan rabi. Mutumin da ido ɗaya ya rage masa, a ce za a yanki wannan ɗin ma, dole gabansa ya faɗi, na likitan ma haka. Kowa na tsoron kada garin gyaran gira a rasa ido.

Mafitar ta fito daga wurin masu ƙunar wuta. A 1975 Howard Green da ɗalibinsa James Rheinwald, a cibiyar MIT da ke Amurka, suka gano yadda za a reni ƙwayoyin fatar mutum a faranti. Sirrin shi ne a fara shimfiɗa wasu ƙwayoyin ɓera da aka hana su haihuwa, su zama kamar taki, sannan a zuba na mutum a kai. Daga fata mai girman kan sarki ana iya samun abin da zai rufe jiki cikin 'yan makonni. A 1983 aka kawo wasu yara biyu, wa da ƙane, daga jihar Wayomin zuwa Boston, wuta ta cinye fiye da kashi 95 cikin 100 na fatar jikinsu, aka rufe su da fatar da aka reno daga ɗan abin da ya rage musu, suka rayu. Masu lambu a gaɓar Shari da na Kadawa ba baƙi ba ne ga wannan dabara: ɗan irin albasa cikin tafin hannu, a zuba a bedi, a yi ta reno, in ya tasa a dasa a fili mai faɗi.

Wani matashin likita ɗan Italiya, Michele De Luca, ya koyo aikin a ɗakin binciken Green ya koma gida. Shi da Graziella Pellegrini suka shafe shekaru suna renon fata domin masu ƙuna, daga nan suka waiwayi ido. A Afrilun 1997 suka ba da labarin mutum biyu da sinadari ya ƙone wa ido ɗai-ɗai. Daga lafiyayyen idon kowannensu an ɗebi ɗan tsokan gaɓa da bai wuce ƙwayar gero ba, aka rene shi har ya zama shimfiɗa, aka kankare jan naman da ya rufe idon da ya ƙone, aka ɗora ta. Fiye da shekara biyu bayan haka shimfiɗar na nan lafiya. A 2010, tare da likita Paolo Rama na asibitin San Raffaele da ke Milan, suka kawo sakamakon mutum 112, wasu an bi su har shekara 10. Kashi 76.6 cikin 100 na idanun sun samu lafiyayyar shimfiɗa mai ɗorewa. Abin da ya fi burge ni a rahoton shi ne sun iya ƙirga irin. Idan ainihin ƙwayoyin iri sun haura kashi 3 cikin 100 na masu tsiro a farantin, dashe yakan kama a kashi 78. Idan ba su haura ba, kashi 11 kacal. Tun kafin a taɓa idon da ya ƙone ana iya sanin ko bedin ya yi kyau.

A Fabrairun 2015 Tarayyar Turai ta ba wannan magani lasisi da sunan Holoclar, shi ne magani na farko mai ɗauke da ƙwayoyin iri da ta amince da shi. Ana yin sa a Modena. Farashin da aka sa masa a Ingila a 2017 fam 80,000 ne kowane ido, wajen sefa miliyan 60. In an gama reno aka fito da shimfiɗar, awa 36 gare ta, kuma sai a sanyi tsakanin digiri 15 da 25. Mai karatu ya auna wannan da Njamena a watan Afrilu, inda zafi ke haura 40 kuma wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa. Ko a can Turai ɗin ma abin bai zo da sauƙi ba, don a ƙarshen 2023 kamfanin da ke yin maganin ya kusa rufewa saboda rashin kuɗi, sai da wata gidauniya ta gwamnatin Italiya ta karɓe shi.

Ni a ganina babin da ya fi shafarmu a Indiya aka rubuta shi. A Haidarabad akwai cibiyar ido ta L V Prasad, wadda Gullapalli Rao ya kafa a 1987 bisa sharaɗin cewa mai kuɗi da marar shi gado ɗaya na aiki za su hau. Mutanen can suna cin wani ganye da ake shafa wa kwaɓaɓɓiyar farar ƙasa, ana sayar da ita a 'yan ƙullin leda, yara su ɗauka suna wasa, leda ta fashe ta fantsama a ido. Yaran talakawa ne ke cika layin asibitin. A 2001 Virender Sangwan da Geeta Vemuganti suka fara nasu renon, suka ajiye ƙwayoyin ɓera gefe, suka yi amfani da ruwan jinin mara lafiyan kansa, bedin kuma suka yi shi da wani abu da kowace ungozoma ta sani. Siririyar fatar nan ce da ke lulluɓe jariri a ciki, wadda idan yaro ya fito da ita a jikinsa Hausawa ke ce masa Mairiga. Likitoci sun gwada ta a ido tun shekarun 1940, aka manta da ita, sai a 1995 Tseng da abokin aikinsa Kim suka dawo da ita. Ba ta tayar wa jiki hankali, tana kwantar da kumburi, ƙwayoyi kuma na son bin kanta. A 2011 mutanen Haidarabad suka ba da rahoton ido 200, kashi 71 cikin 100 sun yi nasara.

Daga nan Sangwan ya yi tambayar da ta sauya lissafi: in dai a kan riga ƙwayoyin ke yaɗuwa, me zai hana a bar idon kansa ya zama bedin? A 2012 shi da Sayan Basu da abokansu suka bayyana hanyar a kan mutum 6. Ana yanko gaɓa milimita 2 a tsaye 2 a kwance daga lafiyayyen ido. A kankare jan naman da ke kan wanda ya ƙone, a shimfiɗa riga a manne ta da wani gam da ake haɗawa daga sinadaran daskarar jini. A datsa ɗan tsokan gida 8 zuwa 10, a jera gutsattsarin a kan rigar kamar mai shuka rami-rami, a ɗiga gam, a rufe da ledar ido mai laushi. Kowane gutsure sai ya yi ta yaɗo har su haɗe. Cikin mako 6 duka mutum shidan sun samu lafiyayyar shimfiɗa. A 2016 Basu ya kawo sakamakon mutum 125, manya 65 da yara 60, kashi 76 cikin 100 sun yi nasara, daidai da na Milan. Aiki ɗaya ne a zama ɗaya, babu ɗakin reno, babu jiran jirgi, kuɗinsa kuma wajen kashi 1 cikin 10 na aikin da ake reno a ɗakin bincike. Da ba a yi shekara 40 ana wahala a ɗakunan bincike ba, da babu wanda zai yarda ɗan tsoka kamar ƙwayar dawa zai iya rufe ido. Amma sai da aka dawo da renon cikin idon mara lafiya sannan ilimin ya sauko inda talaka zai iya kai hannu.

Duk wannan gyaran shimfiɗar sama ne. Hakiyar da ta nutsa cikin zaruruwa tana nan, kuma da yawa daga waɗanda aka yi wa dashen iri sai an bi su da dashen koniya kafin su gani sosai. James Funderburgh na Jami'ar Pitsbag ya gano a 2005 cewa a ƙarƙashin gaɓar akwai wani iri na biyu, na zaruruwan kansu. A 2014 shi da Basu suka nuna idan aka reni waɗannan daga gaɓar mutum aka ɗora a kan raunin idon ɓera, yakan warke garau ba tabo, daga baya aka fara gwada su a kan mutane a Haidarabad. Funderburgh ya rasu a 2019, aikin na matakin gwaji. Ga wanda ido biyu suka ƙone, ba shi da inda za a ɗebo iri, Kohji Nishida na Japan ya reni fatar cikin kumatu a 2004 ya dasa wa mutum 4, a 2019 kuma a Osaka ya fara dasa shimfiɗar da aka samo daga ƙwayoyin baligi da aka mayar da su tamkar na ɗan tayi. A Boston kuma, a kan masu ido ɗaya lafiya, Ula Jurkunas ta fitar da sakamakon mutum 14 a Maris ɗin 2025: bayan wata 18, kashi 77 cikin 100 shimfiɗarsu ta gyaru gaba ɗaya.

Ba na so mai karatu ya tafi da zaton an samo maganin kowace hakiya, don zai kai tsohuwarsa asibiti ya dawo da ɓacin rai. Dashen iri na son abu uku: ɗayan idon ya kasance lafiya, fatar ido na rufuwa daidai, hawaye kuma na gudana. Amosani yakan ci ido biyu tare, ya busar da su, ya murɗe fatar, don haka maganinsa na nan inda aka san shi: aikin fatar ido kafin gashi ya gama kankare koniya, da magani, da ruwan wanke fuska, da masai. Gana da Gambiya da Togo da Benin da Mali sun bi wannan hanya har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida sun fita daga sahun masu fama da shi. Wanda dashen iri zai amfana shi ne magini, da makanike, da mai sabulu, da yaron da ya yi wasa da kabayid, mutane masu ƙuruciya da iyali ke ci daga guminsu.

Mai hakiyar ƙyanda ko ta gyambon da kaikayi ko karan dawa ya jawo, sau da yawa gaɓarsa na nan, koniyar wani yake buƙata. Wani bincike da aka buga a 2016 ya ƙiyasta mutum miliyan 12.7 ke jiran dashe a duniya, koniya 1 ake samu a inda ake neman 70. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya ɗora wa tabon koniya kusan kashi 8 cikin 100 na makantar masu shekara 40 zuwa sama, kuma arewa maso gabas, maƙwabciyar Chadi, ta fi kowane yanki yawan makafi. Najeriya na da dokar dashen koniya tun 1973, amma doka ba ta cika banki, sai masu bayarwa. Habasha ta buɗe bankin ido a Adis Ababa a 2003, 'yan ƙasa na yin wasiyya da idonsu. A wajenmu abin da ke tsai da mutane shi ne tsoron taɓa gawa, kuma tsoro ne mai tushe, don mamaci na da alfarma. Sai dai malamai sun duba mas'alar tuntuni. Muftin Masar Hasan Ma'amun ya halatta ɗaukar koniyar mamaci a 1959, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi kuma ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta dashe daga mamaci idan shi ko magadansa sun yarda. Cirewar aikin 'yan mintoci ne, ba ta sauya fuska, ba ta hana gaggauta jana'iza.

Akwai kuma abin da ke hannun duk mai buta. Idan siminti ko soda ta fantsama a ido, makomar irin da ke gaɓa a mintocin farko take yankewa. A buɗe idon da yatsu ko yana zafi, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har rabin awa, a fitar da duk ɓarɓashin da ya maƙale a ƙarƙashin fata, sannan a nufi asibiti. Kada a tsaya neman nono ko zuma ko man shanu.

Abin da aikin Haidarabad ke buƙata a gari kamar Njamena ko Kano ko Maraɗi ana iya ƙirga shi da yatsu: na'urar hangen tiyatar ido, wadda duk inda ake cire yana da kyau akwai ta, likitan da aka tura ya koyo hannu, gam, da riga. Ita rigar daga haihuwar tiyata ake ɗaukarta, bayan an gwada jinin uwar an tabbatar babu ƙanjamau ko ciwon hanta ko tunjere. A wanke ta, a yanka gunduwa-gunduwa, ta mace ɗaya ta ishi idanu da yawa. Ana ajiye ta a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, akwai kuma busasshiya da ba ta buƙatar firiza. A Asibitin Uwa da Yaro na Njamena ana irin wannan haihuwa dare da rana. A al'adarmu mabiyiya ba abin yarwa ba ce, wanke ta ake yi a binne a gida, kuma babu dalilin da zai sa a daina, tunda siririyar rigar kaɗai za a ɓare a miƙa wa dangi sauran. Amma sai da izinin mai ita. Kafin a shiga da ita tiyata, wata nas ko ungozoma za ta zauna a gefen gadonta ta ce: Yaya, akwai wani magini da siminti ya ƙone wa ido, yana da 'ya'ya ƙanana. In Allah ya sauke ki lafiya, kin yarda a ba shi rigar jaririnki?